Doki da Masu Kiwonsa a Ƙasar Kabi da Gwandu

A zamanin da, in ana so a san ƙarfin sarki a ƙasar Hausa, a kan tambayi dawaki nawa ya ke iya fitarwa ran da aka buga tambarin yaƙi. Saboda haka ne aka sami sarautu da dama waɗanda asalinsu daga doki ne, kamar Ubandawaki, shugaban mayaƙan doki, da Shamaki, mai kula da bargar sarki, da zagage masu tafiya gaban dokinsa.

Ƙasar Kabi ta daɗe da sanin amfanin doki, tun zamanin Kanta wanda ya gina Surame. Gaskiya ne a yaƙin Tafkin Kwatto, cikin 1804, jama'ar Shehu Usmanu sun kori Gobirawa da baka da kibiya, alhali dawakinsu kaɗan ne ƙwarai. Amma bayan da Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, aka zauna Gwandu, sai ya zama tilas a tara dawaki don tsaron ƙasa. Bukatarsu ta ƙaru daga 1849, sa'ad da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa. Daga nan aka yi ta kai wa juna hari tsakanin Argungu da Gwandu har zuwan Turawa. Garin da dawakinsa suka rame, shi ne abincin mahara.

Jega kuwa, wadda Malam Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a bakin gulbin Zamfara, ta zama babbar kasuwa inda fataken arewa da na kudu su ke haɗuwa. Daga irin waɗannan kasuwanni a kan kora dawaki zuwa Nufe da Ilori. Cinikin bai taɓa yankewa ba, domin dokin da aka kai kudu ba ya daɗewa. Sai ya fara ramewa, cikinsa da ƙafafunsa su kumbura, idonsa ya yi fari, ya mutu, a sake aikowa a sayi wani. Wannan cuta ita ce sammore. Masu dawaki sun lura tana tare da kurmi da bakin rafi inda ƙudan tsando ya ke, don haka su kan guje wa irin waɗannan wurare da damina. Sai a 1895 wani likita, David Bruce, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa wata 'yar ƙwaya ce a cikin jini ke kawo ta, tsando kuwa shi ke ɗaukarta daga dabba zuwa dabba.

Akwai wata cuta wadda ta fi sammore gaggawa, ita ma da damina ta ke zuwa. Doki ya kan kwana lafiya, ya wayi gari da zazzaɓi, bisan idanunsa ya kumbura, numfashi ya gagare shi, kumfa ya riƙa fita ta hanci, kafin kwana biyu ya faɗi. Ta fi kashe baƙin dawaki waɗanda aka kawo daga ƙasashen waje, jaki kuwa bai cika mutuwa da ita ba. 'Yan barga na da sun saba hura wuta da almuru kusa da turke, hayaƙi ya turnuƙe barga ya kori ƙwari. Ashe sun dace da gaskiya ba su sani ba, gama a 1944 aka gane a Afirka ta Kudu cewa wasu ƙananan ƙwari ne, waɗanda ba su kai sauro girma ba, ke yaɗa cutar da cizo tsakanin magariba da asuba.

Amma abin da ya fi cin dawaki a barga kullum shi ne ciwon ciki. Allah bai halicci doki da ikon yin amai ba, cikinsa kuma ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa. In aka cika masa dawa gaba ɗaya, ko aka ba shi dusa mai fumfuna, ko aka bar shi da ƙishirwa, sai a ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, gumi na zuba. Ƙwararren ɗan barga ya kan raba masa hatsi kaɗan kaɗan, ya yawaita harawa da ciyawa, ya ba shi kanwa gwargwado. Da bazara doki ya kan sha ruwa garwa biyu ko fiye a yini. Don tsutsar ciki kuwa a kan jiƙa ɓawon maɗaci a ɗura masa.

Sauran wahalar doki daga hannun mahayi ta ke fitowa. Sirdin da bai zauna daidai ba ya kan ci baya ya zama gyambo, majayi ya kan goge ƙirji, linzami mai kaifi ya kan tsaga baki. Dokin da aka bari tsaye cikin fitsari da kashi, kofatonsa ya kan ruɓe. Maganin da a ke yi a da shi ne a wanke miki, a barbaɗa garin bagaruwa, kumburi kuwa a yi masa sakiya ko lalas. Waɗansu sun warke, waɗansu kuwa ƙunar ta ƙara musu ciwo. Karaya ita ce ba ta da dabara. Ko da ya ke Aliero ta yi suna ƙwarai wajen ɗorin mutane, ƙafar doki ta sha bamban, don nauyinsa duk a kanta ya ke, ba ya kuwa yarda ya kwanta har ƙashi ya kama.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903, yaƙin doki ya ƙare. Aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924, daga baya aka sami allurar sammore da maganin tsutsa da na kaska. Mota da babur suka karɓe tafiya, har ya zamana a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama an fi ganin doki a gidajen sarauta da ran hawan salla.

Duk da haka ka'idar kiwonsa ba ta sake ba. A share barga safe da yamma, a cire kaska, a duba baya da kofato bayan kowane hawa, a ware dokin da aka sayo daga sauran har a ga lafiyarsa. In ya ƙi cin abinci, a nemi malamin dabbobi tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani. Dokin da jama'a ke yabo ran salla, aikin ɗan barga ne na shekara guda.