Hanyoyin Kumano da Gonakin da Ke Rataye a Jikin Dutse

A kudu da Kiyoto, tsohuwar alƙaryar sarakunan Japan, akwai wani babban zirin ƙasa da ake kira Kii, wanda ya kutsa kai cikin tekun Fasifik, duwatsunsa kuwa sun matso bakin ruwa har ba su bar wa ɗan Adam fili ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kudancin wannan ziri shi ne Kumano, inda masu yawon buɗe ido ke tururuwa a zamaninmu domin su taka tsofaffin hanyoyin ziyara, su kalli gonakin shinkafa da aka jera hawa-hawa a jikin tudu, sa'an nan su gangara ƙauyukan masunta su ci ɗanyen kifi. Sai dai duk abin da ke ƙayatar da baƙo a wurin, ba domin ƙawa aka yi shi ba. Larura ce ta gina shi, da ƙuncin ƙasa, da imanin mutanen da suka ɗauki wahalar tafiya a matsayin ibada.

Asalin hanyoyin shi ne wuraren bauta guda uku, Hongu da Hayatama da Naci, wannan na ƙarshe yana dab da wani ruwa mai zubowa daga kan dutse, tsawon faɗuwarsa mita 133, wanda mutanen dā suka riƙa girmamawa tun kafin a yi gini a gefensa. Da addinin Budda ya shigo ƙasar, sai ya cuɗanya da bautar gargajiya ta Shinto, masu zuhudu suka mayar da dazuzzukan wurin halwa da horon rai. Sarakuna masu murabus su ne suka ɗaukaka sha'anin ziyarar: Uda ya je a 907, Shirakawa ya soma nasa zuwan a 1090, Go-Shirakawa kuwa sai da ya je fiye da sau 30, alhali zuwa da dawowa daga Kiyoto yana cin kusan wata guda, a bisa hawa da gangara, da wanka a koguna masu sanyi domin tsarki. A cikin ayarin Sarki Go-Toba na 1201 akwai mashahurin mawaƙi Fujiwara no Teika, wanda ya bar littafin tarihin tafiyar. Kuma abin ban dariya, mutumin da aka ɗauko domin fasaharsa ta waƙa, mafi yawan abin da ake tunawa daga rubutun nasa shi ne kukan gajiya da dukan ruwan sama.

Kumano ta bambanta da sauran tsaunukan ibada na Japan da abu guda mai nauyi, wato ba ta kore kowa ba. A sa'ad da Dutsen Koya ya haramta wa mata hawa, ita ta karɓe su, ta karɓi marasa lafiya da naƙasassu, har ma wasu mata masu zuhudu suka riƙa zaga ƙasa ɗauke da zane-zanen aljanna da wuta bisa aƙidarsu, suna wa'azi suna kwaɗaitar da jama'a zuwa. Da talakawa suka karɓi al'adar daga hannun sarakuna, jerin maziyarta ya yi tsawo har mutanen zamanin suka kamanta shi da jerin tururuwa. Waɗanda suka fito ta gabas, bayan sun gama da haikalin Ise, sukan bi hanyar gaɓa mai suna Iseji, kimanin kilomita 170, wadda aka shimfiɗe mashiganta da duwatsu a zamanin mulkin gidan Tokugawa. Dalili kuwa shi ne garin Owase da ke kan hanyar yana samun ruwan sama kusan milimita 4,000 a shekara, kuma turbar ƙasa zalla ba za ta kai damina biyu ba.

Daga wani reshe na wannan hanya, a mashigin Tori, matafiyi yakan hango gonakin Maruyama, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Ƙididdigar ƙasa ta 1601 ta rubuta gonaki 2,240 a jikin wannan tudu guda, kowace an tokare ta da katangar duwatsun da aka tsinto a wurin, an daɓe gindinta da laka don ta riƙe ruwa, ruwan kuma yana malalowa daga ta sama zuwa ta ƙasa, ta yadda idan mutum ɗaya ya yi sakaci da gyaran gefen tasa, na ƙasa da shi ne zai fara gani. Wasu ba su fi tabarmar salla faɗi ba, mafi ƙanƙantarsu ma dashe uku kacal take ɗauka. Mutanen ƙauyen suna da hikaya a kan haka: wai wani manomi ya ƙirga gonakinsa ya ga ɗaya ta ɓace, ya sake ƙirgawa bai same ta ba, sai da ya haƙura ya ɗaga malfarsa daga ƙasa zai tafi gida ya tarar da ita a ƙarƙashi. Injin noma ba shi da wurin juyawa a irin wannan fili, don haka dashe da girbi da ɗauko dami duk aikin hannu da gadon baya ne.

Wanda dutse ya hana shi noma kuwa, teku ya nufa. Igiyar ruwan ɗumi da ake kira Kuroshiyo tana wucewa dab da gaɓar, tana tafe da kifaye masu ƙaura, shi ya sa kowane lungu da ruwa ya shiga tsakanin duwatsu ya zama ƙauyen masunta, gidaje a cunkushe, wasu bisa wasu. Ƙauyen Sugari bai sami hanyar mota ba sai a 1982. Kafin nan sai ta jirgin ruwa. A Taiji, gidan Wada ya tsara farautar babbar dabbar teku da ake kira wel tun daga 1606, da jiragen ruwa masu yawa da 'yan tsinkaye a kan tsauni, daga baya a 1675 aka ƙara da dabarar tare ta da taru kafin a soke ta. Ƙarshen wannan tsohuwar sana'a ya zo da musiba: a watan Disamba na 1878, bayan kakar da ba a kama kome ba, fatara ta sa mutanen suka bi wata uwar wel da ɗanta, abin da al'adarsu ta hana, guguwa ta ja jiragensu zuwa tsakiyar bahar, maza fiye da 100 suka halaka.

A wannan zamani ne kuma ziyarar ta durƙushe. Sabuwar gwamnatin Japan, wato hukumar Meiji, ta raba Shinto da addinin Budda a 1868, ta haramta ɗariƙar masu zuhudun tsaunuka a 1872, sa'an nan ambaliyar 1889 ta share mafi yawan ginin Hongu daga tsibirin kogin da yake, sai da aka mayar da abin da ya saura kan tudu. Da aka kammala layin dogo na gaɓar a 1959, babu mai bukatar mashigan duwatsu, ciyawa ta rufe su. Samari suka tafi birane, aka dasa itatuwan katako a gonakin da babu mai nomawa, har gonakin Maruyama suka ragu zuwa 530 a farkon shekarun 1990.

Tsofaffin ƙauyen ne suka ƙi yarda abin ya mutu a hannunsu. Suka sare daji, suka tono katangu, ƙaramar hukumar Kiwa, wadda Maruyama ke ƙarƙashinta a lokacin, ta kafa dokar kiyaye gonakin a 1994, adadin ya komo 1,340. Hukumar UNESCO kuma ta sa hanyoyin cikin kayan tarihin duniya a 2004. Akwai masu ganin cewa noman da ake yi domin a kalla ya rage daraja, amma ni ina ganin hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin shinkafar wannan tudu ba za ta taɓa gogayya da ta fadamun da injuna ke nomawa ba, kuma katangar da ba a gyara ba damina ce ke rushe ta, ko wane ne ya biya ladan gyaran. Tun daga 1996 mutanen birni suke biyan kuɗin shekara a rubuta musu gona da sunansu, su zo dashe a watan Mayu, su komo girbi a Satumba, a aika musu da rabonsu na shinkafa, sauran watannin kuwa mutanen Maruyama ne ke tashi da asuba su duba ruwa.