Aradu, Dorina, Kada: sunayen da muke bari tsatsa ta cinye

Jama'a, ku ɗan ba ni aron hankalinku, yau rubutun da tsawo. Jiya a majalisa ana hirar tsaro wani ƙanenmu ya ga hoton jirgin ruwan yaƙi a waya, an rubuta NNS Aradu a ƙasa, sai ya ce wai wannan sunan wane Bature ne? Aka kwashe da dariya. Ni dai ban yi ba, don ba laifinsa ba ne. Wa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa?

Aradun nan dai ita ce aradun da kuka sani, ta damina, wadda ake cewa wane ya tari aradu da ka. A Hamburg ta Jamus kamfanin Blohm + Voss ya ƙera jirgin, aka saka shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa ya ɗan haura mita 125, kuma shi ne babban jirgin rundunar sojan ruwan Najeriya. Da farko ma Republic aka so a kira shi, kafin ya iso gida aka sauya masa zuwa Aradu.

Kuma ba haka kawai aka sauya ba. Mutanen da suka riƙe rundunar a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 suna da wata dabara da har yau take burge ni. In an sayo jirage masu aiki iri ɗaya, sai a ɗauki dabba ɗaya a raba sunanta a harsunan ƙasar nan. Jirage huɗu da aka ƙera a Ingila aka ba su sunan dorinar ruwa: Dorina da Otobo a 1972, sai Erinomi na Yarbanci da Enyimiri na Ibo a 1980. Ƙananan jirage masu gudu, masu harba makami mai linzami, da aka sayo daga Jamus, su kuma damisa ce: Damisa, Ekpe, Agu. Masu jigilar sojoji da tankoki zuwa gaɓar teku, Ambe da Ofiom, sunan kada ne, don kada a ruwa yana nan, a tudu yana nan. Dabarar ta kai har farkon shekarun 2000, lokacin da Amurka ta ba mu wasu tsofaffin jirage huɗu aka kira su Kyanwa, Ologbo, Nwamba da Obula. Manyan kuwa tsawa ce rabonsu: Aradu, Obuma, daga baya Thunder da Okpabana.

Ku duba lokacin da aka fara wannan. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, a 1970 aka ajiye makamai, zukata ba su gama hucewa ba. Sai ga yaro ɗan Zariya yana aiki a cikin Enyimiri, ɗan Enugu yana cikin Dorina, kowa dole ya iya faɗin sunan jirginsa da harshen ɗan'uwansa. Ba taro, ba jawabi, ba kwamiti. A ganina wannan ya fi alluna dubu da aka rubuta wa "haɗin kai".

To amma akwai sunan da muka yi wasa da shi, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Sunan Nigeria kansa.

Turawan Ingila ne suka fara sa shi. HMS Nigeria babban jirgi ne da ya shiga yaƙin duniya na biyu. A watan Agustan 1942, yana rakiyar jiragen da ke kai ɗauki tsibirin Malta, jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe shi, bai nutse ba, aka gyara shi. Bayan yaƙi aka sayar wa Indiya, suka mayar da shi Mysore a 1957. Rundunarmu kuma, da aka kafa a 1956, ta karɓi wani jirgin share nakiya daga Ingila a 1959 ta sa masa Nigeria. Da ya tsufa, sai sunan ya koma kan sabon jirgin da aka ƙera mana a Holan a 1965. Wannan na 1965 ɗin shi ne ya jagoranci saukar da sojoji a Bonny a watan Yulin 1967, Nelson Soroh yana kwamandansa. Ko me mutum yake ji game da wancan yaƙi, kuma na san akwai masu ciwo a kowane ɓangare, ba za a ba da tarihinsa a tsallake wannan jirgi ba. Amma da Aradu ya iso, sai aka cire masa suna aka kira shi Obuma. Sunan Nigeria bai koma kan Aradu ba, bai koma kan waɗanda suka biyo baya ba. Haka ya kwanta.

Mu Hausawa ai bai kamata a koya mana wannan ba. In dattijo ya rasu a gida, haihuwar farko da za a yi ta namiji sunansa ake mayarwa, a riƙa kiran jariri Abba ko Baffa don kunya. Ba wanda yake cewa jaririn shi ne kakan, amma gidan ya ƙi yarda sunan ya bi gawa.

Abin da manyan rundunonin ruwa na duniya suke yi ke nan. Amurka tana da Enterprise, mai ɗaukar jiragen sama, wanda ya sha gwagwarmaya da Japan a tekun Pasifik. Tsofaffin sojojinsa sun yi ta neman kuɗi a mayar da shi gidan tarihi, abin bai yiwu ba, aka yanka shi gwangwan tsakanin 1958 da 1960. Amma a 1961 sabon Enterprise ya fara aiki, na farko a irinsa mai amfani da makamashin nukiliya. Ranar da aka yi bikin sallamar wannan a Disambar 2012, a wurin aka sanar cewa wani sabo zai gaji sunan, har an narkar da wani ɓangare na ƙarfensa an sa a jikin wanda ake ƙerawa. Indiya ma ta kasa riƙe tsohon Vikrant, aka farfasa shi a 2014, amma a Satumbar 2022 suka ƙaddamar da wanda suka ƙera da hannunsu, da sunan nan dai.

Ingila kuwa ta riƙe har jikin. HMS Victory, jirgin katako da aka saka a ruwa a 1765, wanda Nelson ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805, yana nan a Portsmouth, mutane suna biyan kuɗi suna shiga. Abin da zai ba ku sha'awa, a 2005 da aka yi bikin cika shekara 200 da wannan yaƙi, Aradunmu ya ratsa teku ya je Portsmouth ɗin ya shiga sahun jiragen duniya a gaban Sarauniya Elizabeth. Yana da shekara 23 lokacin, kuma sai da aka sha aikin gyara kafin ya iya tafiyar.

Adalci dai, ba a watsar da al'adar gaba ɗaya ba. Jirgin awon teku na 1976 sunansa Lana, sabon da aka ƙera a Faransa ya iso a 2021 aka mayar masa da sunan. Da sabon jirgin jigilar sojoji ya zo a 2022 aka kira shi Kada, wato an tuna da Ambe da Ofiom. Wanda ya ba da wannan shawara, Allah Ya yi masa albarka. Amma a tsakani an yi ta sa irin su Centenary, Unity, Prosperity. Ba na raina su, sai dai sun fi kama da sunan rukunin gidaje a Abuja. Wane abokin gaba ne zai ji Prosperity na tahowa gabansa ya faɗi?

A 2023 an sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya a gyara Aradu. Allah Ya sa a gama lafiya. Amma jirgin ya haura shekara 40, kuma ƙarfen da ke kwana a ruwan gishiri yana da iyaka. Ajiye jirgi sukutum a matsayin gidan tarihi kuɗi ne mai yawa, Amurka ma ta gaza a kan Enterprise, don haka ba zan matsa a nan ba. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: tun yanzu a rubuta cewa ranar da Aradu ya yi ritaya, babban jirgin da zai biyo baya shi zai gaji sunan. A ciro ƙararrawarsa da allon sunansa a ajiye inda 'yan makaranta za su gani. A dawo da Dorina. A dawo da Nigeria.

In akwai tsohon sojan ruwa a cikinku, ko wanda mahaifinsa ya yi aiki a ɗaya daga cikin jiragen nan, don Allah ya faɗa mana wane jirgi ne da shekarar. Zan kai wa ƙanen namu ya karanta.