Yadda Takalmin Gudu Ya Rabu Gida Biyu, Ya Kuma Sake Haɗewa

Duk wanda ya shiga babban kantin kayan wasanni a yau zai tarar an raba kambas ɗin gudu kashi biyu: na kwalta mai sumul ɗin ƙasa da kaurin soso, da na daji mai haƙoran roba kamar tayar tarakta. A tsakaninsu akwai na uku, wanda aka ƙera domin ya taka kwalta ya kuma taka turɓaya, kuma shi ne ya fi shan raini. Masu gudu da yawa suna kallonsa kallon jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. A ganina wannan rainin ya samo asali ne daga rashin sanin tarihi. Takalmin da ke taka ƙasa iri-iri shi ne na asali, rabuwar ce ta zo daga baya, kuma an yi ta ne domin wuraren da yawancin mutane ba sa gudu a cikinsu.

Tun wajen 1895 J.W. Foster yake ɗinka takalman tsere masu ƙusoshi a garin Bolton na Ingila, domin filin ciyawa da na toka. Jikokinsa ne suka kafa Reebok a 1958. Masu dogon zango kuwa, abin da suke sawa bai wuce siririn takalmi mai falle ɗaya ba, har ma Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi. Sauyi na gaske ya zo ta hannun Bill Bowerman, kocin Jami'ar Oregon kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Nike. A 1971 ya ɗauki kaskon da matarsa ke gasa wata irin wainar Turawa, kasko mai ramuka kamar tanda amma masu kusurwa huɗu, ya zuba masa narkakkiyar roba. Kaskon ya lalace, amma dabarar ta tsira: ƙasan takalmi mai ƙananan ƙuraje jere a sahu, kowanne yana lotsawa idan ya hau wuri mai tauri, yana kuma cizon ƙasa idan ta yi laushi. Da wannan aka fito da takalmin Waffle Trainer a 1974. A lura da kyau: takalmin da ya buɗe zamanin gudu na yanzu an taka ciyawa da shi, an taka hanyar ƙasa, an taka titi, ba wanda ya ce sai an sauya wani.

Abin da ya raba gari shi ne yawan jama'a. Bayan Ba'amurke Frank Shorter ya ci gudun fanfalaki a Munik a 1972, Amurkawa mazauna birane suka shiga sassarfa don motsa jiki, kuma abin da ke ƙofar gidajensu kwalta ce da kankare. Kamfanoni suka bi kasuwa. A tsakiyar shekarun 1970 Brooks ya fara sa soson EVA tsakanin ƙafa da ƙasa, Nike ya biyo da jakar iska a ƙarshen shekarun. Soso ya yi ta ƙara kauri, haƙora suka yi ta shafewa, domin a kan shimfiɗaɗɗen titi faɗin robar da ta taɓa ƙasa shi ne riƙo.

Ɗaya reshen kuwa daga duwatsu ya gangaro, kuma mafarinsa mutuwa ce. A 1935 abokan Vitale Bramani shida suka halaka a tsaunukan Alfs, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa. Shekara biyu bayan haka wannan ɗan Italiya ya fito da ƙasan takalmi na roba mai zurfin haƙora, wanda ya zama tushen kamfanin Vibram. A Bolton ɗin dai, Norman Walsh, wanda ya koyi sana'a a gidan Foster, ya buɗe nasa wurin a 1961, ya shahara da takalman masu tsere a tuddan arewacin Ingila, inda ciyawa jiƙaƙƙiya da taɓo suke kayar da mutum. A 1974 Gordy Ainsleigh ya bi hanyar tseren dawakai ta mil 100 a tsaunukan Kalifoniya da ƙafarsa, ya gama cikin ƙasa da awa 24, abin da ya haifar da gasar Western States. A 2003 aka fara gasar zagaya tsaunin Mont Blanc, a 2006 kamfanin Salomon ya fito da takalmin Speedcross. Duk waɗannan an yi su ne domin gangara mai tsini, da laka mai haɗiye ƙafa.

Kowane reshe ya ƙware, amma ƙwarewar ta zo da farashi. Dogon haƙori, mai milimita shida ko fiye, idan ya hau kwalta sai ya riƙa lanƙwashewa ƙarƙashin tafin ƙafa, mai gudu ya ji kamar yana taka tsakuwa, robar mai laushi kuma ta cinye da wuri. Sumul ɗin na titi kuma, da ya haɗu da yumɓu bayan ruwan sama, sai santsi. Shi kuwa talaka mai motsa jiki, daga ƙofar gida yake farawa a kan kwalta, ya ratsa burji, ya bi gefen gona, ya dawo. Haɗewar ta fara ne daga inda ba a zata ba: a 2009 wasu Faransawa biyu, tsofaffin ma'aikatan Salomon, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka kafa Hoka, suka tula soso mai kauri a takalmin gangaren dutse. Da soson titi ya shiga daji, abin da ya rage shi ne a rage tsawon haƙora. Wajen 2015 Hoka ya fito da Challenger ATR, a 2019 Nike ya yi wa Pegasus, takalminsa na titi tun 1983, ƙane na hanyar ƙasa. Siffar ta daidaita: haƙora gajeru na milimita uku zuwa huɗu, a matse da juna, roba mai ɗan tauri, da ƙarin kariya a gaban yatsu.

Akwai masu cewa wannan duk dabarar ciniki ce, kuma suna da hujja. Zakarun Kenya a garin Iten sun shekara suna atisaye a kan jar ƙasa da takalman titi, ba abin da ya same su. Gaskiya ne, amma hujjar tana nuna cewa busasshiyar hanyar ƙasa ba ta buƙatar takalmin dutse. Ba ta nuna cewa ɗan haƙori ba shi da amfani ranar da hanyar ta jiƙe. Wasu kuma suna cewa gara a sayi biyu, suna kafa hujja da binciken da aka yi a Luksambok kan masu gudu 264, inda waɗanda ke musanya takalma suka sami raguwar haɗarin rauni da kashi 39 cikin ɗari. Wannan shawara ce mai kyau ga mai hali, sai dai ba ta warware matsalar wanda fitarsa ɗaya ta ƙunshi ƙasa iri uku ba, tunda ba zai tsaya a bakin gona ya sauya ba. Ƙorafi na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma na yarda da shi: wannan takalmi ba zai ci tseren titi ba, ba kuma zai riƙe mutum a gangaren laka ba. Wanda ke shirin ɗayan biyun, ya sayi na musamman.

Ga mai gudu a Kano, Damagaram ko Kaduna, inda kwalta ke ƙarewa ba sallama a faɗa yashi ko marmara, zaɓin yana farawa ne da lissafin hanyar da ake bi kowane mako, da rani da damina. Siffar tafin ƙafa ba ta kai wannan muhimmanci ba. Binciken da aka yi a kan kuratan sojan Amurka ya nuna raba takalma bisa lanƙwasar tafi bai rage rauni ba. Idan a gwanjo za a saya, a kifa takalmin a duba ko haƙoran diddige sun shafe, a danna soson da babban yatsa a ga ko yana dawowa ko ya riga ya mutu, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma bar sararin faɗin yatsa guda a gaba saboda gangara.