Kitson Amarya: Abubuwan da ake dubawa kafin zaɓe, da darasin da Abare ta bari

Kitson amarya na daga cikin shirye-shiryen ƙarshe na biki a ƙasar Hausa. Galibi ana yin sa ne bayan gyaran jiki, dab da ƙunshi, domin ya kai ranar kai amarya da buɗar kai bai tsufa ba. Ko da yake gyale da ɗankwali na rufe shi a bainar jama'a, shi ne adon da amarya ke shiga ɗakinta da shi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara kuwa, zaɓen ya wuce batun kyau kaɗai, domin kayan kwalliya da wurin da ake zaman kitson sun shafi lafiya kai tsaye.

Nau'o'in kitso

Doka ce kitson manyan mata na dauri, inda ake ɗora gashi a kan ƙunshin tsumma ya yi tudu a tsakiyar kai, a shafe shi da man shanu da shuni. Yau ta yi ƙaranci. Waɗanda suka fi yawa su ne shuku, wanda ake tattara jelarsa a tsakiyar kai, sunansa kuma daga Yarbanci ya zo. Da zane, wanda ke kwanciya ya nufi ƙeya. Da kalaba, wadda ake sakin silallenta. Sai kitson Fulani mai saukowa ta gefen kunnuwa. A birane irin su Gusau da Sakkwato, wasu amaren kan zaɓi gyaran shago, a miƙar da gashi a ɗaure shi.

Ma'aunan zaɓe

Na farko shi ne yanayin gashi. Ƙananan kitso sun fi daɗewa, amma suna cin sa'o'i, kuma idan makitsiya ta ja su da ƙarfi suna cinye gashin goshi. Likitocin fata sun tabbatar cewa yawan ja na iya kashe tushen gashi har ya daina tsirowa. Ciwon kai da ƙuraje a kan tsaga alama ce ta cewa an matsa.

Na biyu shi ne ɗaurin da za a yi a kai. Shuku na ɗaga ɗankwali, zane kuma ya fi dacewa da ɗaurin da ke son kai a kwance.

Na uku shi ne addini. Malamai sun hana ƙari da gashin mutum, bisa hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim, sun kuma yi saɓani kan zare da ulu. A mazhabar Malikiyya ba a wajabta wa mace tsefe kai don wanka ba, matuƙar ruwa na ratsa kitson.

Na huɗu shi ne sinadari. Wani bincike da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar a 2022, kan mata fiye da 33,000, ya nuna cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi fuskantar haɗarin kansar mahaifa.

Abin da ya faru a Abare

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara da ba a saba gani ba a yankin. An tabbatar gubar dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Abare na cikin ƙauyukan da abin ya shafa, tare da Dareta, 'Yargalma, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar Abare tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega sai da ta jira har 2013, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin aikin.

Alaƙar wannan da kitso a fili take. A tsakar gida ake zaman kitso, bisa tabarma, ana ci ana hira, yara na rarrafe. Ƙurar dalma na maƙalewa a gashi da tufafi da hannu, gashin da ya sha mai kuma ya fi riƙe ta. Dalma ba ta ratsa fata sosai; ta baki da numfashi take shiga. Idan ta shiga takan taru a ƙashi na tsawon shekaru, ta koma jini lokacin goyon ciki, ta isa ga ɗan tayi. Amaryar yau ita ce mai cikin baɗi.

Kwalli

Ba a gama kitso sai an rangaɗa kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli galibi ma'adinin dalma ne. Hukumar CDC ta Amurka ta bayar da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa a 2011. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa.

Abin da ya rage

Iyaye da ƙawayen amarya na da abin yi: a yi kitson nesa da inda ake dakan dutse ko ajiye kayan haƙa, a wanke kai da sabulu kafin a shafa mai, a wanke hannu kafin cin abinci, a bar kwallin dutse, musamman ga jarirai.

Sauran nauyin na hukuma ne. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, MSF kuma ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jihar a 2022. Gwajin jini, sa ido kan wuraren niƙa da auna kwallin da ke kasuwa yanzu suna wuyan Gusau da Abuja da hukumar NAFDAC. Amarya na iya zaɓen kitsonta, amma tsabtar ƙasar da za ta zauna a kai ba a hannunta kaɗai take ba.