Masai mai tattalin ruwa

Masai mai tattalin ruwa shi ne masan da aka ƙera domin ya kore najasa da ruwa kaɗan, yawanci lita 6 ko ƙasa da haka a kora ɗaya. Yana da ire-ire: akwai na zaune mai tanki, akwai na tsuguno da ake zuba wa ruwa da bokiti ko buta, akwai kuma na roba da ake ɗorawa a bakin shadda. A wuraren da ruwan famfo ba ya shiga kowane gida, kamar Burumburum da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji a kudancin Jihar Kano, abin da ake fara dubawa wajen zaɓen masai shi ne hanyar da ruwa yake shigowa gidan, sannan girman ban-ɗakin.

Tarihi

A shekarar 1775 wani mai gyaran agogo ɗan Sikotland mai suna Alexander Cumming ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu, wanda yake riƙe ɗan ruwa a wuyansa domin ya toshe hanyar wari. Har yau a kan wannan dabarar ake ƙera masan tangaran. Sai dai na dā suna da cin ruwa, domin kora ɗaya takan cinye lita 13 ko fiye.

Ƙasashen da ke fama da fari suna cikin waɗanda suka nemi mafita. A shekarar 1980 kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da tanki mai maɓalli biyu, ɗaya na fitsari, ɗaya na bahaya. A Amurka, dokar makamashi ta shekarar 1992 ta ƙayyade cewa sabon masai kada ya wuce galan 1.6, wato kimanin lita 6. Daga baya hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kawo tambarin WaterSense ga waɗanda ba su wuce lita 4.8 ba.

A ƙasashe masu tasowa kuwa hanya daban aka bi. Ƙungiyar Sulabh ta Indiya, wadda Bindeshwar Pathak ya kafa a shekarar 1970, ta yaɗa masan tsuguno mai rami biyu da ake korawa da hannu. A shekarar 2013 masan roba mai suna SATO ya shiga kasuwa a Bangladesh, kuma yanzu ana samunsa a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka.

Ire-ire

Na zaune mai maɓalli biyu. Yawancinsa yana sakin lita 6 a babbar kora, lita 3 a ƙarama. Yana buƙatar ruwa a tanki a kowane lokaci, saboda haka ya fi dacewa da gidan da yake da rijiyar burtsatse da tankin sama. Yana da sauƙi ga tsofaffi, masu ciwon gwiwa da mata masu tsohon ciki.

Na tsuguno da ake kora da hannu. Ba shi da tanki, kuma ana kora shi da lita 1 zuwa 3. Sirrinsa yana wuyansa: bututun ya fi na masan zaune ƙanƙanta, kuma zurfin ruwan da ke toshe wari bai wuce santimita 2 ba, alhali na masan zaune yakan kai santimita 5. Saboda haka ɗan ruwa ya isa ya ture najasa. Ba kowane masan tsuguno ne yake da wannan wuya ba, domin wasu an yi su ne don a haɗa su da tanki.

SATO. Faranti ne na roba mai ɗan murfi a ƙasa. Nauyin najasa da ruwan da aka zuba shi ke buɗe murfin, sannan ya koma ya rufe da kansa, ya hana ƙuda da wari fitowa. Ruwan da yake buƙata bai wuce lita 1 ba, wato abin da buta za ta ɗauka. Ana iya dasa shi a kan tsohuwar shadda da ɗan siminti ba tare da an haƙa sabon rami ba.

Shadda mai bututun iska. Wannan ba ta buƙatar kora ko kaɗan. Peter Morgan ne ya tsara ta a Zimbabuwe a shekarun 1970. Dogon bututu mai raga a bakinsa yana fitar da wari sama, kuma yana kama ƙuda. Tana bukatar fili a waje, don haka ba a saka ta a ban-ɗakin cikin ɗaki.

Lissafin ruwa

Bambancin yana fitowa fili idan aka auna shi da jarka mai lita 25 da 'yan ga-ruwa suke sayarwa. A ɗauki gida mai mutum 10, kowa yana zagayawa sau 5 a rana, wato kora 50 ke nan. Tsohon masai mai lita 13 zai ci lita 650, jarka 26. Mai lita 6 zai ci jarka 12. Na tsuguno mai lita 2 zai ci jarka 4, SATO kuwa jarka 2 ko ƙasa da haka. Ruwan tsarki da na wanke hannu ba sa cikin wannan lissafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne saka masan zaune a gidan da babu ruwa a bututu. Tankin sai ya zama ado, a koma kora da bokiti. Da yake wuyansa babba ne, rabin bokiti ba ya isa, sai najasa ta tsaya, wari ya cika ɗaki, yara su koma bayan gida.

Awo a ƙaramin ban-ɗaki

Kafin a je kasuwa, mai aikin famfo yakan duba inda bututun fita yake. Idan a ƙasa yake, ana sayen masai mai wuya siffar S, a kuma auna nisa daga bango zuwa tsakiyar bututun, wanda yawanci santimita 25 zuwa 30 ne. Idan a bango yake, ana sayen mai siffar P, a auna tsayin bututun daga daɓe, wanda yakan kai kimanin santimita 18. Sayen wanda bai dace ba yana jawo fasa tayil.

Masan zaune na yau da kullum yana fitowa daga bango santimita 65 zuwa 75, gajeru kuwa kimanin 60. Mai zagayayyen baki ya fi mai dogon baki gajarta da kusan santimita 5. Ana so a bar fili aƙalla santimita 55 zuwa 60 a gaba, da santimita 38 daga tsakiyar masan zuwa bangon gefe, a kuma tabbatar ƙofa za ta buɗe. Na tsuguno ya fi kowanne rage cunkoso, domin a daɓe yake kwance, kuma ana iya wanka kusa da shi.

A gidajen Musulmi ana lura da alƙibla, saboda hanin fuskantarta ko ba ta baya lokacin biyan buƙata. Malaman Malikiyya sun sassauta a cikin gini, amma magina da yawa sun fi son juya masai kudu ko arewa idan fili ya bari. Ana kuma barin wurin ajiye buta a inda hannu zai kai.

Bututun fita yawanci mai inci 4 ne. Masai mai ruwa kaɗan yana son bututu gajere mai gangara sosai, kimanin santimita 2.5 a kowace mita, domin idan ya yi tsawo ko ya kwanta, ruwan yakan wuce ya bar najasa a hanya.

A kudancin Kano

Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma a Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Duk da haka gidaje da yawa sun dogara ne da rijiya da burtsatse. Ƙasar yankin a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana taruwa ne a tsage-tsagen dutse da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa rijiyoyi suke ja baya da bazara, su cika da damina.

Wannan yanayi ya shafi masai ta fuska biyu. Da rani ruwan kora yana wahala. Da damina kuma ruwan ƙasa yana tasowa, sokawe ya cika da wuri, ƙazanta ta iya tsiyaya zuwa rijiya, abin da ke yaɗa cutar amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Masan da ke zuba ruwa kaɗan a rami yana rage wannan haɗari. Shawarar da masana tsafta suka fi bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakanin rami da rijiya, ramin ya kasance ta gangare, kuma gindinsa ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5. Masu gini a yankin sukan sayo kayan tangaran da bututu daga birnin Kano, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa.

A watan Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009 domin kawo ƙarshen bahaya a fili a Najeriya. A shekarar 2022 Jigawa, maƙwabciyar Kano, ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cimma wannan buri.

Kulawa

Masai mai tanki yakan yi yoyo a ɓoye idan robar ƙasan tankin ta tsufa. Ana gane hakan ta hanyar zuba shuɗin wanki a tankin a jira minti 15. Idan launin ya bayyana a ƙasa ba tare da an kora ba, sai a canza robar. Leda, tsumma, audugar mata da totuwar masara suna toshe ƙaramin wuya nan da nan. Ruwan wanki da na ɗauraya ana iya tara shi a bokiti a yi kora da shi, a bar mai tsabta domin sha, girki da tsarki.