Ramukan Kuza da Shaidar Tauraron Ɗan Adam

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Mu mutanen Saji, tsakanin Rano da Kibiya, mun tashi da jin labarin Riruwai, garin kuza da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa, kudu da mu. Tun kafin zuwan Turawa mutanensa ke narka kuza, fatake suna kai ta kasuwannin Kano.

Da Turawa suka gano arzikin kuzar Jos a farkon ƙarni na 20, sai kamfanoni suka mamaye haƙar. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan Jos, da yawansu ba su dawo ba. Bayan da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, sana'ar ta durƙushe, aka bar wa manoma kududdufai da tsibin tsakuwa inda a da gonaki ne.

To, wa ya riƙe lissafin wannan ɓarna? Tauraron ɗan adam. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, Nijeriya kuma ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Ganye mai rai, da ruwan kududdufi, da ƙasar da aka tone, kowanne da irin yadda yake mayar da hasken rana, don haka kowanne da launinsa a hoto. Idan masana suka jera hotunan wuri ɗaya na shekaru daban-daban, sai su zana taswirar inda aka tone, da faɗinsa, da inda ciyawa ta kasa komawa. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga kowa.

Wannan ba zancen nesa ba ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa gyara ƙasar da ya tona, amma haƙƙi ba ya karɓuwa sai da shaida.

Saboda haka muna kira ga 'ya'yanmu da suka karanci ilimin ƙasa da safiyo su haɗa kai da dattawa, a zana taswirar gonakinmu, burtalai da makiyaya tun yanzu. Duk wanda ya zo da takardar izinin haƙa gobe, ya tarar mun san iyakar kowace gona. Rigakafi ya fi magani.