Tiyata Ba Wuƙa: Tarihin Ƙona Sankarar Ƙwaƙwalwa da Haɗurranta

Sankarar huhu da ta mama da ta fata sukan bi jini su yi 'ya'ya a cikin ƙwaƙwalwa. Tun daga wajajen 1954 abin da likitoci suka saba yi shi ne su haska kai gaba ɗaya da haskoki masu ƙuna. Ciwon yakan lafa, amma sau da yawa majinyaci yakan biya da mantuwa da dushewar tunani.

A shekarar 1951 wani likitan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, ya kawo shawarar a tara siraran haskoki daga kusurwoyi masu yawa su haɗu a wuri guda, yadda ƙari zai ƙone, naman da ke kewaye da shi ya tsira. A 1968 shi da masanin kimiyya Börje Larsson suka kafa na'urar farko a Stockholm, wadda aka san ta da Gamma Knife. A 1987 ta isa Pittsburgh ta Amurka.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Kumburin ƙwaƙwalwa kan biyo baya, ya jawo ciwon kai ko farfaɗiya. Mafi muni shi ne mutuwar nama a inda aka ƙona, wadda takan bayyana bayan watanni, ta kuma yi kama da dawowar sankarar a hoto har ta rikita likita. Saboda haka ne binciken da aka buga a Amurka a 2000 ya ƙayyade ƙarfin hasken: 24 a ma'aunin Gray ga ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, 18 zuwa santimita 3, 15 zuwa santimita 4. Wato gwargwadon girman ƙari, gwargwadon haɗarinsa.

Akwai kuma kuskuren ɗan Adam. A Toulouse ta Faransa, tsakanin 2006 da 2007, an saita na'ura ba daidai ba, majinyata 145 suka sha hasken da ya zarce kima.

Duk da haka, gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan aiki kaɗai sun fi riƙe tunaninsu, ko da yake sababbin ƙari sun fi saurin fito musu a wasu sassan ƙwaƙwalwa. Ke nan wajibi ne a riƙa ɗaukar hoton majinyaci a kai a kai. Ƙasar da za ta sayi irin wannan na'ura, sai ta fara tanadin masanan da za su auna ta kullum.